Kwamfutar da Ba Ta Share Shiru

Na san abin da kuke faɗa a kan tsohuwar kwamfutar nan mai kaurin bulo da ke ƙasan sif ɗina. Kun ce yayanku ya ɗauko mini sabuwa fil daga Abuja, na ture ta gefe, na tafi kasuwa na kwaso wata mai tsagaggen murfi, saboda taurin kai irin na tsofaffi. 'Yar'uwarku Asma'u ma ta taɓa faɗa a gabana, tana zaton kunnena na hagu da ba ya ji ne yake wajenta. Taurin kai kam ina da shi, daga gidanmu na zo da abina. Amma ba shi ya kai ni kasuwa a waccan daminar ba. Tun da na fara rubuta muku rayuwata nake kewaye wannan babin, na rubuta aurena, na rubuta shekarun da na yi ina buga tafireta a ofis, na rubuta har ginin gidan nan na Hayin Banki, duk don kada in iso nan. To yau na iso, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ɗauki waya ya kira wani.

Babanku mai ɗaukar sauti ne a gidan rediyo, wannan kun sani. Abin da ƙananan cikinku ba su sani ba shi ne yadda suke aikin. Idan suka je ɗaukar hira da mutum, kafin a ce uffan sai ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi tsit na minti ɗaya, ya ɗauki shirun ɗakin. Da wannan shirun suke cike gurbi idan an yanke tari ko kuskuren magana, don kada mai saurare ya ji alamar yanka. Yakan ce kowane ɗaki da irin shirunsa, na ɗakin ƙasa daban, na ɗakin siminti daban, na ɗakin da aka yi rasuwa daban. Sai abin ya bi shi gida. Wata 'yar rakodar kaset gare shi mai maratayin fata, wadda aka bar masa da ya yi ritaya, kullum tana kusa da shi kamar buta. Ka shigo ka tarar da shi zaune a kicin shi kaɗai, yatsa a baki, kaset na juyawa. Kwali guda ya cika da su, kowanne da rubutunsa a jiki: shirun zaure, shirun tsakar gida bayan ruwa, shirun ɗakin Inna. Nakan yi masa tsiya ba kaɗan ba.

"Malam, mutane na ɗaukar karatu da wa'azi, kai kana ɗaukar babu."

"Saurara dai ki ji, Rabi, ba babu ba ne."

Wata rana ya sa mini abin saurare a kunne bai gaya mini wane kaset ne ba. Wallahi ban kai ƙirga goma ba na ce wannan ɗakin Inna ne, surukata, wadda a lokacin ta shekara biyu da rasuwa. Ba muryarta a ciki, ba motsinta. Amma ɗakin ne, da ita a zaune a ciki, na rantse har ƙamshin man zafinta sai da na ji. Na cire abin na miƙa masa na ce kada ya sake yi mini haka.

Yanzu ranar da ya rasu. An sallamo mu daga asibiti da ciwon zuciyar nan, kwana uku ban runtsa ba, ina juya shi, ina ba shi ruwa da cokali. Ranar an yi ruwa tun hantsi ya ɗauke da azahar, kuma babu wuta. Yayanku yana hanya daga Abuja. Asma'u ta fita neman wani magani, na ce ta datse ƙofar gida da kwaɗo ta waje don masu dubiya su bar shi ya huta. Daga ni sai shi a gidan. Na idar da salla a gefen gadonsa, na jingina bayana da katakon gadon, na ce bari in rufe ido kaɗan. Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Da na waiwaya, fuskarsa na kallon ƙofar ɗaki, hannunsa na kan rakodar nan a gefen filo, kaset ya zagaye har ya ƙare, shi kuma ya riga ya tafi. Kafin in yi salati, kafin in yi komai, hannuna ya buɗe rakodar ya zare kaset ɗin ya cusa a ƙugun zanina. Har yau ban san me ya sa na fara da wannan ba.

Na gaya wa kowa ina gefensa ya cika, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma duk wadda ta zo gaisuwa ta matso ta ce, "Ya dai samu kalmar shahada ko?" sai in ce alhamdulillahi in sunkuyar da kai. Ban sani ba. Ban san ko ya kira ni ya gaji ba, ko ya miƙo hannu bai kai gare ni ba, ko ya nemi wanda zai laƙƙana masa kalma ni ina can ina barci kamar wadda aka yi wa allura. Amsar tana cikin kaset ɗin, kaset ɗin yana cikin wani gwangwanin alewa a ƙasan akwatina, shekara goma sha ɗaya ban iya kunna shi ba. Tsoro nake ji, in faɗa muku gaskiya. Ina tsoron in ji ya ce Rabi, Rabi, ba wanda ya amsa.

Abin da ya tayar da maganar a waccan shekarar kunnena ne. Likita ya ce na hagu ya tafi, na dama kuma yana bin sa a hankali. Na dawo gida a keke-napep ina lissafi a raina, idan na ƙara jinkiri, ranar da zan samu ƙarfin hali babu kunnen da zan ji da shi. A daidai lokacin Asma'u ta shiga nacin a juye kasakasan babanku cikin kwamfuta kafin su lalace, ta gaya wa yayanku, shi kuma ba ya jin abu ya shafi babansa ya yi sanya. Ƙarshen mako sai ga shi da kwali. Kwamfuta siririya kamar faifan tuwo, fara sol, ko ƙarar numfashi ba ta yi. Ya jona kebul daga rakoda zuwa ramin nan ɗaya tilo da ke gefenta, ya buɗe kwalin kasakasai yana dubawa, sai ya tsaya a kan wani, ya yi murmushi.

"Hajiya, wannan an rubuta shirun ɗaki, jariri na barci. Wane ne jaririn?"

Asma'u ce ta amsa masa, ta ce ai rubutun ya tsufa, in dai ba shi ba ne to ba kowa. Ni ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa. Na san kaset ɗin sarai. Kwanansa tara a duniya aka ɗauke shi. Na kuma san tsufansa, zuciyata ta ce mini ki hana, a fara gwadawa da wani mara muhimmanci. Amma ku kun san tsakanina da yayanku. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, a hannun Inna ya tashi, ko nono a ɓoye nake ba shi don kunya. Shekara arba'in da ɗoriya muna gaisawa kamar maƙwabta masu mutunci. In buɗe baki a gaban ƙanwarsa in ce wannan kaset na jaririna ne, ina ji da shi, a bi shi a hankali? Bakina ya ƙi. Na ci gaba da tsintar shinkafata, na ce duk yadda kuka gani.

Lasifikar rakodar ta daɗe da mutuwa, saboda haka ba mu ji komai lokacin da yake juyawa ba, sai wani ɗan kuka siriri daga cikin injin. Da ya ƙare yayanku ya kunna abin da kwamfutar ta ɗauka, ya ƙure murya. Babu komai. Ba shirun ɗaki ba, wanda na sani mai rai, wani irin babu ne mai santsi kamar an toshe maka kunne da auduga. Ya ce wataƙila kebul ne, bari a sake. Da ya buɗe rakodar sai ga wani gari ja-ja kamar tsatsa ya taru a ciki, zaren kaset ɗin kuma ya koma fari-fari wuri-wuri, har kana hango haske ta cikinsa. Ya mayar ya sake kunnawa da abin kunne kai tsaye, sai shuuu kawai da tsalle-tsalle. Ya ɗaga kafaɗa ya ce da ma ba komai a ciki, ai shiru aka rubuta. Na tashi da farantina na shiga kicin, na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba tun ranar sadakar bakwai.

Bari in gaya maka yau abin da ke ciki, kai da ba na kiran sunanka, tunda a takarda ne ba ido da ido ba. Numfashinka ne, ƙanana-ƙanana, da ɗan tsotson leɓe da jarirai ke yi cikin barci. Can ƙasa-ƙasa kuma babanka yana yi maka addu'a da raɗa, ya manta da dokarsa ta yin tsit. Sau uku na saurare shi a ɓoye lokacin kana wajen Inna. Da na yi magana ranar nan da yanzu 'ya'yanka sun ji shi. Laifin nawa ne, ba na kwamfutarka ba, ba naka ba.

Washegari na shirya na hau mota zuwa Rigachikun wajen Malam Tanimu, wanda ya yi aiki da babanku a matsayin mai gyaran injuna, tun suna samari. Na tarar da shi a rumfar ƙofar gidansa, ya tsufa ya ranƙwafa, amma idon nan na nan. Na ajiye masa rakoda da mataccen kaset da sabuwar kwamfuta. Ya shafa maratayin fatar. Sannan ya goge cikin injin da auduga da sifirit, ya nuna mini jan da ya fito.

"Hajiya Rabi, wannan garin shi ne sautin. Kaset idan ya sha damina da yawa haka yake yi, yana wucewa yana zubewa. Irin waɗannan sau ɗaya ake kunna su. Abin da aka kama an kama, abin da ya wuce sai a lahira."

Ya juya kwamfutar yana leƙa gefenta kamar mai duba haƙoran akuya.

"Ita kuma wannan rami ɗaya gare ta, na ji da na magana a haɗe. Don masu taro ta bidiyo aka yi ta. Duk abin da ba magana ce ƙarara ba, ƙarar fanka, numfashi, raɗa, shara take ɗaukarsa, ta share tun kafin ta ajiye. Aikinta ta yi. Mu da muke neman sharar ne muka zo inda ba namu ba."

Na tambaye shi, idan mutum mara lafiya ne, muryarsa ta yi ƙasa sosai, ita ma sharewa za ta yi? Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma ranar na kwance bakin gyalena na fito da gwangwanin alewar na gaya masa komai, a bakin titi, manyan motoci na wucewa Zariya. Ya karɓi kaset ɗin da hannu biyu, ya duba ta 'yar tagar jikinsa, ya ce tsohon kaset ne babanku ya maimaita ɗauka a kansa, sa'an wanda ya lalace jiya, domin a shekarun nan an daina samun sababbi. Ya miƙo mini abina ya ce kada in sake fito da shi cikin iska sai ranar da za a kunna.

Daga baya yayanku ya ce ai ana iya shiga cikin sabuwar a kashe mata wannan shara, ko a sayo wani ɗan akwati a jona mata. Na ji, kuma ban ce ƙarya ba ne. Amma Malam Tanimu bai san hanyar cikinta ba, ni balle, kuma kaset ɗaya gare ni a duniya, kunnawa ɗaya. Ba zan miƙa shi ga abin da ya riga ya cinye mini ɗaya ina kallo ba.

Sharuɗɗa uku ya kafa mana kafin mu shiga kasuwar 'yan kwamfuta. Ta kasance mai ramin shigar da sauti daban, ba haɗe da na kunne ba. Ta kasance ba ta da wayon gyara abin da ba a sa ta ba. Na uku shi ya fi ba mu wuya: batirinta ya riƙe fiye da minti arba'in da biyar, tsawon fuska ɗaya ta kaset, domin idan caja na jone tana sa wani zuuu a cikin sauti, ga wutarmu kuma da kuka sani. Tsohuwar kwamfuta mai rami daban ba ta wuyar samu. Tsohuwa mai rai a batir ita ce aiki. Kwana uku muna zuwa. Ku yi tunanin tsoho da tsohuwa, ɗaya rataye da rakodar da ta girmi masu shagon, suna bi shago-shago. Malam Tanimu ya zo da wani kaset nasa mai lafiya na shirun ɗaki. A kowane shago sai ya jona, ya kunna, ya zuba wa fuskar kwamfutar ido. Akwai wani layi da ke tafiya idan tana ɗauka. In ya miƙe sumul, sai ya zare kebul ya ce mu je. In yana 'yar rawa kamar zaren da iska ke kaɗawa, to ta ji shirun, sai a koma gwajin batir, mu zauna a benci muna kallon agogo. Wata ta mutu a minti goma sha biyu, wata a ashirin. Wani mai shago har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga ikon Allah.

"Baba, wai me kuke saurare ne? Ni fa ban ji komai ba."

"Shi muke nema."

"Mama, ga sababbi can masu kyau, ki bar wannan tarkacen. Ko 'ya'yanki ba sa kula da ke ne?"

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce masa 'ya'yana sun fi shi kula da uwarsu, ya ɗauko abin da aka tambaye shi ko mu ƙara gaba. Ya yi dariya ya ba ni haƙuri, ya shiga can ƙuryar shagon ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito da wannan baƙar mai tsagaggen murfi, harafi biyu sun fita daga madannanta. Ramuka uku a gefenta. Layin ya yi rawa. Muka cire caja muka zauna, aka kira azahar muka je muka dawo tana nan da ranta, sai da ta haura awa ɗaya sannan ta yi ƙyafta ta mutu. Malam Tanimu ya rufe murfin a hankali ya ce ita ce.

Da yayanku ya zo ya ganta a kan tebur, tasa kuma na mayar da ita cikin kwalinta na ɗaure, sai ya zauna ya ci abincinsa har ya gama. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"Hajiya, in akwai abin da na yi ba daidai ba, a gaya mini."

"Babu komai. Allah ya yi albarka."

"To me ya sa duk abin da na kawo sai an samu wanda ya fi shi, ko da daga bola ne?"

In amsa sai na faɗi kaset, in na faɗi kaset sai na faɗi barci. Ya ɗauki kwalinsa ya sa a mota. Wata bakwai bai kwana a gidan nan ba, gaisuwa sai ta waya, a taƙaice. Ku kuka ga wannan kuka yanke mini hukunci, ban kuma ga laifinku ba.

Ranar da muka kunna, na zaɓi bayan azahar, na aiki Asma'u unguwa. A ɗakin muka yi, gadon na nan inda yake. Malam Tanimu ya zauna a kujera daga bakin ƙofa, labule a ɗage, kwamfutar a kan cinyarsa. Ya ce shi layi kawai zai kalla, ba zai saurara ba, wannan tsakanina da mijina ne. Ya ƙure mini murya a abin kunne, na danna shi a kunnen dama da tafin hannu. Ya ce bismillah, ya danna.

Ƙarar maɓalli. Sai ɗakin ya buɗe a cikin kaina, ɗakin da nake zaune a ciki, amma na waccan ranar. Ɗigar ruwa daga indararo, ɗis, ɗis. Wata mai tallan gyaɗa can nesa. Sai numfashi biyu. Ɗaya gajere mai dusasshiyar ƙara, yana shiga da ƙyar. Ɗaya dogo mai nauyi, har da ɗan minshari, ni da na shekara talatin ina rantse masa ba na yi. Ina zaune ina jin kaina ina barci, ina ji kamar in miƙa hannu in girgiza matar nan in ce tashi, ke wace irin mace ce. Minti biyar, minti goma, minti ashirin. Duk lokacin da ya ja numfashi mai tsawo sai in ce yanzu zai kira. Bai kira ba. Sau ɗaya na ji motsin zanin gado, da wani ɗan sauti kusa da kaina, irin na hannu a kan ɗankwali.

Wajen minti ashirin da bakwai sai komai ya ɗauke. Ɗigar ruwa, numfashina, nasa, shirun ɗakin kansa. Na zaci batir ne, na ɗago a firgice. Malam Tanimu ya ranƙwafa a kan fuskar kwamfutar, bakinsa a buɗe, yatsansa na bin layin da ya miƙe sumul, kaset kuwa na juyawa lafiya lau. Bai fi ƙirga huɗu ba sautin ya dawo. Gadon ya yi ƙara, alamar ya juya wajen ƙofa. Sai muryar babanku, ƙasa-ƙasa amma tas, irin wadda yake yi wa babban baƙo.

"Wa alaikumus salam."

Babu wata sallama kafin wannan. Ƙofar gida da kwaɗo, ni na sa aka datse. Ya ɗan yi shiru kamar mai sauraron magana, sannan ya ce:

"To. Amma a hankali. Kwananta uku ba ta runtsa ba, kada a tashe ta."

Sai kalmar shahada, cikakkiya, bai ci harafi ko ɗaya ba. Ya sake ta ta biyu da raɗa. Bayan nan na kasa kunne ina neman gajeren numfashin nan, na nema, na nema.

Malam Tanimu ya ce wurin da ya ɗauke wataƙila garin kaset ne ya zube a daidai nan, yana faruwa. Ya faɗa yana kallon ƙofar, ya kuma ja kujerarsa ya matsa daga bakinta. Ni ban ce komai a kai ba, yau ma ba zan ce ba. Zafin ciwo na sa mutum ya ga abin da babu, Allah kuma shi ya san abin da ya ɓoye wa bayinsa. Abin da na sani, mijina bai kira ni na ƙi amsawa ba, kuma bai tafi baki wofi ba. Kaset ɗin bai sake kunnuwa ba, garinsa muka share daga cikin rakodar da auduga, na haƙa rami a gindin bishiyar lemo na binne audugar.

Na so in kira ku a ranar in ce ku zo ku ji, sai kunya ta sake riƙe ni, don duk wanda ya ji zai ji uwarsa tana minshari a gefen ubansa yana barin duniya. Yanzu na tsufa da wannan kunyar, kunnen ma ya tafi gaba ɗaya. Malam Tanimu ya sa wa sautin suna da sunan babanku kafin shi ma ya rasu, yana nan a fuskar kwamfutar, kuna buɗewa za ku gani. Yayanku ne zai fara ji, shi kaɗai, sannan sauran. Ku juye shi inda kuka ga dama, a wayoyinku ko a sababbin injunanku, amma ku tabbata ba su gyara shi ba.

Kuma na san halinku da gaggawa. Bayan kalmar shahada akwai saura minti goma sha bakwai, za ku ce ba komai a ciki a yanke. Ni ce a ciki, ni kaɗai, ina barci har kaset ya ƙare. Babanku ne ya roƙa mini wannan barcin, kada wanda ya taɓa shi.